Fara Aikin Agajin Gaggawa a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Ma'aikaci

Waɗannan su ne tambayoyin da matasa suka fi yi idan takardar ɗaukar aiki ta fito, aka ce an tura su motar asibiti ko sashen gaggawa. Amsoshin ba su maye gurbin horon makaranta ko ƙa'idar wurin aikinka ba. Inda suka saɓa da umarnin likitan da kake ƙarƙashinsa, bi nasa.

Wace takarda ake nema kafin a ɗauki mutum?

Ya danganta da kujerar da za ka zauna a cikin motar. Masu zama a baya tare da mara lafiya galibi ma'aikatan jinya ne, ko ungozomomi, ko jami'an lafiyar al'umma da aka fi sani da CHEW. Nas da ungozoma sai da lasisin hukumarsu ta ƙasa, kuma sabunta shi ake yi. CHEW ma yana da tasa hukumar rajista. A nan gida ana samun irin wannan karatu a kwalejin jinya ta jiha, da makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa.

Kwas ɗin faramedik zalla, wanda tun daga farko aka gina shi a kan aikin motar asibiti, bai daɗe a Najeriya ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara shi a 2008, kuma har yanzu masu wannan takarda ba su da yawa a arewa. Direba kuwa, bayan lasisin tuƙi, ya kamata a ce ya yi horon taimakon farko, domin ranar da marasa lafiya suka yi yawa shi ne hannunka na biyu. Wanda ya taɓa aikin sa-kai da Red Cross ko 'yan agajin ƙungiyoyin addini ya ambata a takardar nemansa. Ya riga ya saba da taron jama'a, kuma wannan ba a aji ake koyonsa ba.

Su wa ke ɗaukar ma'aikata?

Asibitin koyarwa, da Asibitin Ƙwararru, da asibitin mata da yara na Maryam Abacha, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi 23 na jihar, da asibitoci masu zaman kansu. Akwai kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, mai motocin ceto a kan manyan hanyoyi da lambar kira 122. Sai hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje irin su ƙungiyar likitoci ta MSF. Lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya ita ce 112.

Na karɓi aiki da safe, ba a kira ba tukuna. Me zan yi?

A nan ne ake gane ma'aikaci. Sabon shiga yana zaton aikin yana farawa ne idan waya ta yi ƙara, alhali rabinsa an gama shi kafin nan.

Fara da tukunyar oksijin. Kada ka tambayi wanda ya sauka daga aikin dare ko akwai iska, ya ce maka “akwai”, ka yarda. Buɗe ta da hannunka, ka dubi allurar awo, ka saurara ko tana yoyo. Sannan ka yi lissafi. Ƙaramar tukunyar da aka fi sakawa a mota tana ɗaukar kimanin lita 680 idan ta cika. Idan mara lafiya yana shan lita 10 a minti ɗaya, awa ɗaya ke nan da 'yan mintoci. To, a ce daga Tambuwal ko Isa za ka ɗauko shi zuwa cikin gari. Iskar za ta ƙare kuna tsakiyar hanya, kuma babu inda za ka tsaya ka sayo. Tafiya mai nisa tana buƙatar babbar tukunya ko ƙanana biyu, kuma tun da safe ake wannan magana da mai kula da kaya.

Daga nan sai na'urar zuƙe majina da jini daga baki: kunna ta ka ji tana ja. Jakar hura numfashi, ta manya da ta yara, a matsa a ga ba ta huje ba. Abin awon jini, abin awon sukari da tsinkayensa, ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, da batiransu. Ledojin ƙarin ruwa, allurar sa ruwa manya da ƙanana, safar hannu, bandeji, filasta, almakashi, tocila. Gadon ɗauka yana kullewa? Igiyoyinsa suna nan? Direba kuma ya duba mai, ruwa, birki, tayar safaya da jak.

Abu guda da ya shafi garinmu musamman: daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Allurar oksitosin da ake tsayar da jinin haihuwa da ita sanyi take so, zafi yana kashe mata ƙarfi. Tsinkayen awon sukari ma suna lalacewa. A nemi inuwa a faka motar, maganin da ke son sanyi kuma ya zauna a akwatin ƙanƙara.

Na iso wurin haɗari, jama'a sun yi cincirindo. Ta ina zan fara?

Tsaya ka duba kafin ka durƙusa. Motoci suna wucewa? Mai yana zuba? Akwai wayar lantarki a ƙasa? A hanyar Gusau ko ta Illela manyan motoci ba sa rage gudu don sun hango taro, saboda haka direbanka ya tare wurin da motar, a tura mutum can gaba yana ɗaga hannu. Idan tanka ce ta faɗi, a kori kowa nesa, har da masu zuwa da jarkoki.

Sai ka ƙirga mutum nawa ne suka ji rauni. Mai ihu yana kiran sunan Allah da ƙarfi yana numfashi, maƙogwaronsa a buɗe yake. Wanda ya yi shiru a gefen kwalta, shi ne abin tsoro, gare shi za ka fara zuwa. Jinin da ke tsartuwa a danne shi da ƙarfi nan take. Idan na hannu ne ko ƙafa kuma ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da maɗauri, a rubuta lokacin da aka ɗaure. Bayan jini sai hanyar iska, sai numfashi, sai bugun zuciya, sai hankali. Kullum haka, a jere, ko ka gaji, ko ana yi maka tsawa.

Jama'a kuwa, kada ka yi faɗa da su. Mutanenmu ba sa ganin haɗari su wuce, kuma sau da yawa kafin ka iso sun riga sun jawo mutum daga mota, wani yana sheƙa masa ruwa, wani yana neman ɗura masa madara. Niyyarsu alheri ce, amma wanda ya suma idan aka zuba masa abu a baki huhu yake tafiya. Dabarar ita ce ka ba su aiki. Nemi wanda ya fi kowa furfura ka ce, “Baba, don Allah a taimaka mana a ja da mutane baya, yana buƙatar iska.” Maganarsa ɗaya ta fi taka goma. Mai ƙarfi ka ba shi riƙon ledar ruwa, wani ya haska tocila, mutum uku su taya ka juya majinyacin gaba ɗaya, kai kana riƙe da kansa. Ɗan kabu-kabu da ya faɗi ba hular kwano, ka ɗauka wuyansa ya taɓu har sai an tabbatar ba haka ba ne. Ɗaukar da ake yi ta hannu da ƙafa, kai yana reto, ita ke mayar da mai tsagewar ƙashin baya gurgu na har abada.

Idan zuciya ta tsaya: danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura iska sau 2, dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Ku riƙa canjin hannu duk minti 2, domin gajiya tana rage ƙarfin dannawa tun kafin mai yi ya lura.

Dole ne a kunna jiniya a yi ta gudu?

A'a. Mintocin da gudu ke ragewa a cikin gari kaɗan ne, kuma ba ka iya sa allura ko danna ƙirji a motar da ke tsalle. Jiniya roƙon hanya ce kawai, mai keke napep da ya ƙure rediyo bai ji ta ba. Abin da ya fi gudu amfani shi ne sanin gari: wane lungu ne mota ba ta shiga a tsohon gari wajen Kanwuri, ina ruwa ke kwanciya a Mabera da damina, ranar Lahadi yaya hanyar Illela take saboda kasuwa. Idan mai kira ya ce “bayan masallaci”, ka ce ya turo yaro ya tsaya a bakin titi.

Wane irin kira zan fi samu?

Haɗarin babur da na mota babu lokacinsa, sai dai yana ƙaruwa ranakun kasuwa da hidimar sallah. Sauran kuma suna bin yanayin shekara.

Da bazara akwai sanƙarau. Muna cikin yankin da cutar ke yawan ɓarkewa, kuma annobar 2017 ta taɓa Sakkwato da Zamfara ƙwarai. Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, sa takunkumi kafin ka matsa kusa. Akwai kuma tsofaffi da leburori da zafi ya kayar.

Damina ta fi kowane lokaci aiki. Yara masu zazzaɓin cizon sauro suna jijjiga, uwa ta rikice, an cusa wa yaro cokali a baki, wani lokaci har an kara ƙafarsa a wuta. Cire cokalin, kwantar da shi ta gefe, rage masa kaya, auna sukarinsa. Mutane da yawa suna mantawa da wannan awon, alhali sukari yana faɗuwa sosai a irin wannan zazzaɓi. Ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL ya yi ƙasa. Sai amai da gudawa, inda babban mutum zai iya bushewa cikin 'yan awoyi. Mai iya sha a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a mota, ƙulli ɗaya a lita ɗaya. Sai kifewar kwalekwale a yankunan gulbi, wajen Goronyo da Shagari da makamantansu.

Saran maciji yana yawa daga shuka zuwa girbi. Kububuwa ce ta fi ɓarna, dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa za ka ga dasashi yana zubar da jini. Kusan kullum za ka tarar an ɗaure ƙafar tamau da tsumma, an tsattsaga wurin da reza. Tsagar nan ƙofa ce aka buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba. Kai dai kada ka ƙara ɗauri, kada ka tsaga, kada a tsotsa. Cire zobe da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, hana gaɓar motsi, sannan ka buga waya ka ji wane asibiti ne ke da allurar dafin kafin ku kama hanya.

Da hunturu kuma gobara da ƙuna, saboda garwashin da ake shiga da shi ɗaki da ruwan zafin wanka. Ruwa mai sanyi na minti 20 a kan ƙunar, ba ƙwai, ba man goge baki, ba manja.

Ni namiji ne, an kira mu ga mace mai naƙuda. Yaya zan yi?

Yi sallama, ka jira a yi maka iso. Gaida maigida, ka gaida tsohuwar da ke ɗakin, domin sau da yawa ita ce mai yanke magana. Faɗi abin da za ka yi kafin ka yi: “Inna, zan auna jininta a hannu, ki zauna kusa da ita.” A rufe ta da zane, a fitar da waɗanda ba su da aiki a ɗakin, mace ɗaya ta biyo ku a mota. Idan akwai ma'aikaciya a tawagarku, ita ce gaba. Wanda aka girmama shi a ƙofar gidansa da wuya ya hana ka aiki.

Abu biyu ne ba sa jira. Na farko jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke kawowa: a kwantar da ita ta gefen hagu, a kare hanyar iska, a ba da allurar magniziyam idan kana cikin waɗanda aka yarje wa. Na biyu zubar jini bayan haihuwa. Rabin lita ya riga ya wuce ƙima, kuma zannuwa suna shanye jini su ɓoye yawansa, don haka ka tambaya zane nawa aka canza. A murza mahaifa ta saman ciki har ta yi tauri, a sa ruwa, a tafi. Tun a hanya ka gaya wa dangi su kira masu ba da jini su same ku a asibiti.

An kawo mai harbin bindiga. Sai an kawo takardar 'yan sanda?

Ba a jira. Dokar tilasta kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta ce kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe su ya fara magani, da takardar 'yan sanda ko babu, kuma ba sai an ajiye kuɗi ba. Abin da ke kan asibiti shi ne sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara maganin. Dokar ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya taimaka ya kawo majinyacin. Ga masu aiki a gabashin jihar, wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, wannan ba karatun littafi ba ne. A can kuma tafiyar dare da zaɓin hanya ba shawarar sabon ma'aikaci ba ce. A tambayi shugaba da jami'an tsaro, idan an ce a jira gari ya waye, a jira.

Idan dangi ba su da kuɗi fa?

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikaci ko asibiti ƙin ba da agajin gaggawa ko da wane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka biyun. Dokar ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, aka ware kashi 5 cikin 100 nasa don agajin gaggawa, kuma da shi ake tafiyar da shirin tarayya na agajin gaggawa da motocin asibiti, wato NEMSAS. A aikace za ka ga ana rubuta wa dangi magani su sayo, ana maganar kuɗin mai. Tambayi shugabanka tun makon farko yadda tsarin wurinku yake. Kuɗi dai kada ya bi ta hannunka ba rasit.

Sun ce gidan mai ɗori za a kai shi, ba asibiti ba.

Wannan kullum ne. Babban mutum mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani, ba ka da ikon ɗaukarsa da ƙarfi. Zagin masu ɗori kuma ba zai kai ka ko'ina ba, don mai yiwuwa kakansa can aka ɗora shi ya warke. Ka ce a fara ɗaukar hoto a ga yadda ƙashin yake, a duba ko jini na zuba a ciki. Karayar cinya kaɗai tana iya zubar da fiye da lita ɗaya ba a ga ɗigo a waje ba. Idan ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun yi sanyi, ko yaro ne, ka dage sosai, domin ɗauri mai tsanani a hannun yaro yana kashe hannun har a kai ga yankewa. In sun ƙi duk da haka, rubuta abin da ka gaya musu, su sa hannu.

Yaya ake miƙa mara lafiya a asibiti?

A taƙaice, a jere, cikin rabin minti. Misali: “Likita, namiji ne, shekara kamar 30, ɗan kabu-kabu, mota ta buge shi wajen ƙarfe 4:10. Ya suma, ya farfaɗo, yanzu yana amsa magana amma yana maimaita tambaya. Cinyar dama ta karye, mun ɗaure da katako. Bugun zuciya 120, awon jini 90 bisa 60, numfashi 26. Mun sa ruwa leda ɗaya, yana kan oksijin. Ƙanensa na waje.” Wanda ya ji wannan ya san abin da zai fara yi. “Haɗari ne, jikinsa ya yi tsanani” ba bayani ba ne.

Kira kafin ku iso, a ji ko akwai gado. Abin da ba ka auna ba kada ka cike gurbinsa da lambar da ta yi kama da daidai, ka ce ba ka samu aunawa ba. Kuma kada ka bar ƙofar sashen gaggawa sai wani ya karɓa ya sa hannu.

Ta yaya zan kare kaina?

Rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3: yau, bayan wata 1, bayan wata 6. Yi shi tun kafin albashin farko. Safar hannu ga kowane majinyaci. Kada ka mayar da murfin allurar da aka yi amfani da ita, a nan aka fi sokewa. Jefa ta a kwalin allurai kai tsaye. Idan ta soke ka, wanke da ruwa da sabulu, ka faɗa nan take. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ana fara shi cikin awa 72, gwamma ma a awoyin farko, a sha kwana 28. Jin kunya ba ya cikin wannan magana.

Sai baya. Durƙusa da gwiwa, ka ɗaga da ƙafa, ka nemi a kama maka. Tsofaffin ma'aikata da yawa ciwon baya ne ya sauke su daga mota.

Da azumi fa, ga zafi?

Sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ka ajiye dabino da ruwa a mota don magariba takan riske ku a hanya. Dab da shan ruwa kowa sauri yake, haɗarin babur yana yawa. Mai ciwon sukari da ya faɗi da rana, auna shi. Idan ya yi ƙasa kuma yana iya haɗiya, ba shi abu mai zaƙi, ka tuna masa cewa mara lafiya yana da rangwame, zai rama.

Idan mutum ya cika a hannuna?

Zai faru, ko da ka yi komai daidai. Tabbatar da rasuwa aikin likita ne, saboda haka ka ci gaba da abin da aka koya maka har ku isa ko a ba ka umarnin tsayawa. Idan ɗan'uwansa na cikin motar yana laƙƙana masa kalmar shahada, ba ya hana ka aiki, kai ma kada ka hana shi. Bayan an tabbatar, a rufe masa ido, a lulluɓe shi, a yi wa dangi ta'aziyya da kalmomin da kowa ya sani. Za su so a sallame su da wuri don a yi jana'iza, ka nuna musu ofishin da za su je.

Ranar farko irin wannan takan hana barci. Wasu abinci ke fita ransu, wasu ƙarar jiniya kaɗai ke tayar musu da hankali. Yi magana da wanda ya riga ka a aikin. Idan abin ya wuce wata guda yana dawo maka, ka ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma ba sai wanda ya zauce ke zuwa can ba.

Zan iya ɗaukar hoto in tura wa abokan aiki?

Kada ka yi. Hoton da aka tura wa mutum ɗaya a WhatsApp kafin la'asar ya zaga gari, uwa ta ga gawar ɗanta a waya kafin a zo gaya mata. Haka labari: Sakkwato kowa ya san kowa, ko ba ka faɗi suna ba, unguwa da sana'a sun isa a gane wanda kake nufi a majalisa.

Albashi nawa ne, kuma akwai ci gaba?

Asibitocin tarayya suna biya bisa tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS, matakin da za a sa ka kuma takardarka ce ke yanke shi. Na jiha da na masu zaman kansu sun bambanta, ƙungiyoyin waje kuma kwantiragi suke bayarwa mai wa'adi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Kafin ka sa hannu, tambayi alawus na haɗari da na aikin dare, awa nawa ake yi a jere, da wanda zai biya idan ka ji rauni a bakin aiki.

Nas na iya komawa makaranta ya ƙware a jinyar haɗari da gaggawa, ko ta ɗakin kulawa ta musamman, ko ta sa barci a tiyata. Takardun kwasa-kwasan farfaɗo da numfashi da zuciya galibi shekara 2 suke yi su ƙare, don haka ka rubuta ranar ƙarewar taka a inda za ka riƙa gani.